Ba A Kashe Mutum Yana Magana

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ta dace da wanda ya riga mu isa gidan gaskiya, ina fatan an yalwata maka makwanci, an kuma sanyaya maka shi. Ba zan tambaye ka gajiya ba, tunda an ce can babu ita ga wanda ya dace. Mu nan lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Sunanka kuwa ba zan rubuta ba. Tun da aka kawo ni ɗakinka ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuma zan fara da alƙalami don ka kau ba. Mutanen unguwarmu ta Akwatialine a nan Kumasi sun san ka da Baba Bayani, wannan ya ishi masu karatu.

Na ce masu karatu, domin 'yarka Rabi ce za ta zo daga unguwar Buokrom ta ɗora wannan takarda a wayarta kowa ya gani. Ta ce yanzu haka ake yi. Na ce mata babu laifi, ai ubanki ma bai taɓa magana a ɓoye ba, kullum da makirfo a bakinsa.

Gobe nake fita takaba. Gobe kuma ƙaninka Iliyasu zai zo da mota ya ɗauki adakar kaset ɗinka, ya kai bola ya ƙone. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don ba na so ka ji labarin a bakin wani.

Ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka fi ni sani, saboda yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga fim a tafin hannu. Bidiyo biyu ka sayo a kasuwar Adum, da makirfo mai doguwar igiya. Ka sa fim a ɗaya, ka sa kaset ɗin da babu komai a ɗayan, kana bayani yana naɗa. Fim ɗin Indiya ka mayar da shi Hausa. Wasannin barkwanci na talabijin da ake yi da Tonanci, yaren masu gari, ka fassara wa baƙin da suka sauko daga arewa kunnensu bai buɗe ba tukuna. Na Kano da 'yan goro ke kawowa kuma ka warware wa 'ya'yan Zongo inda Hausar ta yi musu nauyi. Da yamma ka kai rumfar kallo a nuna.

Kujerarka ta katako tana bakin taga saboda iska, bidiyon yana can kusurwa a kan kabad. Saboda haka ni ce mai danna maɓalli. Ba ka yarda ka kira ni da baki ba, kada kiran ya shiga kaset. In ka gama sai ka ɗaga mini yatsa, ni kuma in danna. Aikina ke nan a kamfaninka, kuma ban taɓa ganin ko kwalin sabulu na lada ba.

Bayani aka ce ka yi, amma kai sai ka haɗa da hukunci. A harbi jarumi ya faɗi, ya tashi ya kama waƙa, sai a ji ka ce, "Jama'a, wannan harsashi da garin rogo aka cika shi." Saurayi da budurwa suna rawa cikin ruwan sama, ka ce, "Ku dubi bayansu, ga akuya can kwance a busasshiyar ƙasa. Ruwan nan na mutum biyu ne." A kan 'yan barkwanci kuma ba ka da sassauci. Kakan ce wanda ya riga 'yan kallo dariya, mai tuwo ce da ta cinye tuwonta kafin masu saye su zo.

Ni kuwa da yake tuwon zafi nake sayarwa, hukuncina na tukunya ne. Fim ɗin da ya yi kyau a ba shi nama. Wanda ya yi ƙoƙari a ba shi romo. Wanda ya ɓata mana lokaci a ba shi ruwa ya wanke hannu ya tashi. Ka karɓi wannan ma'auni nawa, amma ba mu cika haɗuwa a kansa ba. Kai da zarar tsohuwar Indiya ta fara kuka a kan ɗanta, shi ke nan, ka miƙa mata tukunyar gaba ɗaya. Ni kuma na fi son wasan nan na ramammen mai gadi da ke tsoron inuwarsa. Kai ka ce romo, ni na ce nama da ƙashi da ɓargo. Muka tsufa a kan wannan gardama ba wanda ya sauko.

Ko da aka rufe rumfar kallo, kasuwar kaset ta mutu, ba mu daina ba. Bayan la'asar in na sauke tukunya, ka zaro ɗaya daga adaka, mu zauna mu biyu muna yanke wa mutanen wancan zamani hukunci, kai kana musu da muryarka ta ƙuruciya. Wani lokaci ka ce, "Wannan yaro surutunsa ya yi yawa," alhali kai ne yaron.

Doka ɗaya gare ka a ɗakin nan, kuma ba ka taɓa sassauta ta ba: ba a kashe mutum yana magana. Ko kiran salla aka yi, sai ka jira na cikin akwatin ya rufe bakinsa, ka ce masa "Sai an jima," sannan a danna. Ranar da Rabi, tana 'yar budurwa, ta katse wani tsoho a tsakiyar zance don tana sauri, na ga ɓacin ranka kamar ta yi wa baƙo rashin kunya. Ka ce mata, "Ko hoto ne, ɗan wani ne." In kuma ɗan wasan da ya rasu ya fito, sai ka sassauta murya, ko a tsakiyar bayani kake, ka ce, "Wannan ya riga mu, Allah ya ji ƙan sa." Na Indiya da ba ka san addininsu ba kakan ce, "Allah ya san nasa."

To, ga yadda maganar Iliyasu ta taso. Bayan sadakar bakwai, jama'a sun watse, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce yana da magana. Ya ce kamar yadda ake da sadaka mai gudana, haka ake da zunubi mai gudana. Kaset ɗin nan cike suke da kiɗa da rawar mata, kuma kai ka kawo su ga idon mutane da muryarka. Duk sanda aka kunna, ana ɗiga maka a can. Ya ce, "Yaya ya tafi ya bar famfo a buɗe."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Iliyasun da ya gama samartakarsa a benci na gaba a rumfarka, ba ya biyan ko sisi, yana share majina da hannun riga in uwar jarumi ta makance, yau shi ne mai fatawa. Na buɗe baki zan tuna masa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ba mugunta ta kawo shi ba, tsoro yake ji maka. Rabi ta ce a juye su a waya kada muryarka ta ɓata. Ya ce wannan kuma ai fasa bututun ne gaba ɗaya. Ni dai na ce ko allura ba za ta fita daga ɗakin nan ba sai na gama takaba. Ya ce ya ji, zai dawo ranar.

Shi ya sa na buɗe adaka. Na ce bari in saurara da kunnena in gani, famfo ne ko ba famfo ba. A da fim muke yi wa hukunci, yanzu kai na sa a gaba.

Tsakanin azahar da la'asar nake yi, lokacin da gidan haya ke zama kufai, mata suna kasuwa, yara suna makaranta, ba abin da ake ji sai kukan injin katako daga nesa. In saki labule, in rage murya, don ka san bakin Zongo: a ce matar Baba Bayani tana takaba tana kallon Indiya. Damshin Kumasi ya sa wa wasu kaset ɗin fumfuna. Na goge kan bidiyon da farin ƙyalle yadda na ga kana yi, ya yi ta gurnani kafin ya yarda.

Na farko da na sa, hoto bai ma fito ba ka yi gyaran murya. Wallahi sai da na kai hannu na gyara ɗankwalina.

Abin da ban gane ba har yau shi ne wannan. Akwatin talabijin yana kusurwa, can muryar ya kamata ta fito. Amma kunnena daga bakin taga yake jin ta, daidai inda kujerarka take. Na matsar da akwatin, na matsar da tabarmata, duk ɗaya. Daga baya sai na koyi zama ina ba kujerar baya.

Ka san ba muryarka kaɗai makirfon ya kwasa ba. Duk gidan nan yana ciki. Ga zakaran da muka yanka a sunan Rabi yana cara. Ga tsohon ladanmu da ya daɗe a ƙasa yana kiran la'asar. Ga wata yarinya can tsakar gida tana masifa a kan an taɓa mata gawayi, murya kamar ta tsaga kwano. Na daɗe ina tsaki ina cewa wace marar kunya ce wannan, kafin in gane ni ce.

Wasannin barkwancin su suka fi tayar mini da tsigar jiki, abin da ban zata ba. Da muna kallonsu tare, in ka ce wannan ya riga mu, sai in ce amin, a ci gaba da dariya. Yanzu na zauna ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda zan rantse yana numfashi yau ba. A wani kaset ma ka ce, "Wannan dogon yana nan da ransa, na gan shi a Adum yana taya takalmi." Shi ma ya daɗe da tafiya, kai mai ba da shaidar ka bi shi. Ga 'yan kallon da aka tara a ɗakin wasan suna ta shewa ba a ganin su. Ɗakina ya cika maƙil da dariya da rana tsaka, mai rai a ciki ni kaɗai.

Akwai wanda na taɓa ba nama, na mutumin nan da ya yi mutuwar ƙarya don ya ji abin da danginsa za su faɗa. An lulluɓe shi, suna kansa suna rigima a kan wa zai ɗauki rediyonsa, shi kuma babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Ka yi dariya har makirfo yana bugun haƙorinka, kana cewa, "Mamaci yana ji, jama'a! Ku iya bakinku, mamaci yana ji!" Na tuna yadda rumfa ke rikicewa a wannan wuri. Ni kuwa a ranar ko murmushi ban yi ba. Na jira ka kai aya, na ce sai an jima, na kashe. Ban iya ba shi nama ba, ban iya ba shi ruwa ba.

Sai maganar Mma Azara, maƙwabciyarmu Badagomba mai sayar da koko, wadda hanyarta ta zuwa famfo ke bi ta bayan tagarmu. Ka san shekara da shekaru ba ta wucewa sai ta gaishe ka. Wata Laraba ta dawo daga kasuwa da wuri, ta ji muryarka ta labule, bakinta ya riga hankalinta. Ta ce, "Maigida, sannu da aiki-o!"

Ka dakata da bayani. Ka ce, "Yauwa, Mma Azara, sannu da rana. Ya kasuwa?"

Na ji faɗuwar bokiti. Ta shigo ba sallama, tana cewa, "Eii, Mariyama! Maigida ya amsa ni! Wallahi ya kira sunana!" Na zaunar da ita, na mayar da kaset baya, na sa mata. Ga muryarta can ciki, ta wancan zamani, ta yi gaisuwar, ka amsa. Gaisuwar yau ce ta faɗa daidai kan ta da, ta rufe ta. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Amma tun ranar ta canja hanya, ta gaban gida take zagayawa da bokitinta. Ta ce ita ba ta sake bin tagar nan kraa, wato sam-sam.

Ni ma na gane, Maigida. Sai dai kaset ɗin nan sun cika adaka, kowanne kuma doguwar tafiya ne. Yadda aka yi na zaɓi wannan a wannan rana, ita kuma ta iso taga a daidai wannan numfashi, shi ne na bar wa Allah.

Game da shari'arka kuwa, na saurari shaidu ban iya yanke komai ba. Akwai inda mata suka fara rawa sai ka hau kan kiɗan da surutu, kana cewa, "Maza a kau da kai. Masu alwala ku je ku sabunta, masu yunwa ga tuwon Mariyama can bakin titi da miyar ayoyo." Na ce to, wannan ai ko Iliyasu ya ji zai sassauta. Amma akwai kuma inda wata mai jan sari ta juyo, ka yi shiru, ka ja numfashi, ka ce, "Tabarkalla." Na ji ka sarai. Wannan kaset ruwa na ba shi, kuma da kana nan da ka ci tuwonka ba miya.

Dariya nake yi, amma abin yana ci na. Ni ba malama ba ce. Duk sanda na kai yatsa zan danna, sai in ji maganar famfon nan. Ina jin daɗin muryarka a nan, ban sani ba ko kai kake biya a can. Matan da suka zo mini gaisuwa kowace da labarin yadda mijinta ya zo mata a mafarki cikin fararen kaya. Kai ko sau ɗaya ba ka zo mini ba. Har na fara tunanin ko don na tsare ka a bakin taga ne kullum kana aiki, ba ka samu ka kwanta ba. Na ji tsoro, na kuma ji kewarka, ban san wanne ya fi ba. Washegari kuma in sake kunnawa.

A haka na kai ƙasan adaka. Ranar Alhamis ta makon jiya na zaro na ƙarshe, ba rubutu a jikinsa. Hadari ya haɗu tun azahar, ɗaki ya yi duhu kamar magariba. Da na sa, sai ga mutumina, ramammen mai gadi, yana sanɗa da ƙulki yana gudun inuwarsa. Na ce lalle ka ɓoye wannan a ƙasa ne don kada in ci gardama. Na yi dariya ranar, dariya ta gaske, karo na farko tun da aka fita da kai. A ƙarshe ka ce, "Wannan romo ne, amma akwai mai cewa nama. Ba na son rigima a gidana."

Wasa ya ƙare. Sunaye suka gama wucewa. Nan ne kullum kake ɗaga yatsa in danna, hoto ya yanke. Wannan bai yanke ba. Allo ya yi shuɗi, kaset yana ta tafiya. Na ji kujera ta yi ƙara irin ta mutum ya juya. Sai ka ce, "Mariyama, ki…"

Aka ɗauke wuta.

A daidai nan ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Na zauna a tabarma, hannuna a kan gwiwa. Duk kaset ɗin da na saurara babu inda ka kira ni da baki. Tallar tuwo daban, wannan kira ne, irin wanda kake yi in kana son abu. Kuma ga shi an katse ka a tsakiyar kalma, a ɗakinka, abin da ba ka yarda a yi wa ko ɗan Indiya ba.

Ki me? Ki bari? Ki ƙone? Ki yafe? Wata huɗu ina tambayarka abu ɗaya, ka buɗe baki za ka amsa, masu wuta suka rufe maka shi. Na zage su zagin da bai dace da mai takaba ba.

Can wajen la'asar sakaliya aka dawo da wuta. 'Yar jar fitilar bidiyon ta kama tana kallona. Abin da ya rage in miƙa hannu kawai. Maigida, na kasa. Na ɗauko tsohon zane na rufe bidiyon da akwatin duka. Mako guda ina sharar ɗakin nan, ina salla a ciki, ina kwana a ciki, da rabin kalmarka a ƙarƙashin zane. In na wuce kusa da kabad sai in ji kamar mutum ya riƙe numfashi. Rabi ta zo ta tambaye ni me na rufe, na ce ƙura.

Yau da hantsi na ce gobe fa Iliyasu zai zo. In ban ji yau ba, da maganar a bakinka za a kai ka bola. Wannan kuwa ba zan yi maka ba. Na yi alwala, na ɗage labule don haske ya shigo, na yaye zanen. Na mayar da kaset baya kaɗan, na yi bisimilla, na danna.

Ka ce, "Mariyama, ki kashe mana. Na gama."

Shi ke nan abin da ka ce. Na jira in ji ƙarar maɓalli, ban ji ba. Can nesa a cikin kaset sai ga sautin muciya tana bugun tukunya. Ashe ranar ba na ɗakin, ina tsakar gida ina tuƙa tuwo, ka ɗaga yatsa ba mai gani. Ban tuna ranar ba ko kaɗan. Kai kuma ba ka tashi ba, ba ka ɗaga murya ba. Kana zaune da makirfo a hannu, ina jin numfashinka yana shiga yana fita. Kujera ta sake yin ƙara. Sannan a hankali, kamar mai magana da kansa, ka ce, "To. Ina jiran ki."

Ka ci gaba da jira. Allo shuɗi, muciya tana ta bugu, numfashinka yana fitowa daga bakin taga. Wannan karon na juya na dubi kujerar. Ba kowa, sai labule da iska ke ɗagawa. Ban san iyakar jiran da ka yi ranar ba, ban san ko waccan yarinyar mai masifar gawayi ta shigo daga baya ko kaset ne ya ƙare da kansa ba, ban kuma tsaya in gani ba. Na dafa ƙasa na miƙe da gwiwoyin nan nawa da ka sani, na taka zuwa kabad. Na ce, "Ga ni, Maigida. Sai an jima." Na danna.

Tun da aka fita da kai ɗakin nan bai taɓa yin shiru irin na yau ba. Ba shirun da ake jin tsoro ba. Na zauna a kujerarka, abin da ban yi ba duk watannin nan, na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza saboda idon mutane.

Na san Rabi za ta ce tsohuwar magana ce ta wata rana can, ta faɗo a kan gaɓa, kamar gaisuwar Mma Azara. Ban musa mata ba. Amma ni aka kira, ni kuma na san yadda na ji.

Saboda haka gobe in Iliyasu ya zo, ba zan tsaya a ƙofa ba. Ba don ya ci ni da hujja ba ne, kada ya ɗauka haka. Maganar famfo na bar wa Wanda ya san abin da ke cikin kowane bututu, kuma na fi kyautata masa zato a kanka fiye da yadda Iliyasu ke tsoro. Zan bayar ne don kai ka ce ka gama. Ka koya mana ba a kashe mutum yana magana. Yau na gane sauran dokar, wadda ba ka faɗa ba: in ya ce ya gama, rashin ladabi ne a bar shi zaune yana jira.

Ka kwantar da hankalinka, kowane kaset na kai shi ƙarshen maganarka, ban mayar da ko ɗaya farko ba. Babu wanda za a ƙone da zance a bakinsa. Na kuma gaya wa Rabi ba za a juye komai a waya ba. Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka girma a bencin rumfarka, za su yi ta roƙon a tura musu. Wanda ya tuna wata maganarka da ta ba shi dariya, ya yi dariyarsa, ya bi ka da Ƙulhuwallahu. Wannan famfon ne nake so a bari a buɗe.

Saura hukunci, tunda ba ma tashi daga kallo sai an yanke. Na saurare ka daga saman adaka har ƙasanta. Surutu ya yi yawa, kamar yadda ka faɗa da bakinka. Akwai son kai wajen tsofaffin Indiya. Akwai kuma maganar mai jan sari, wadda za mu ƙarasa in mun haɗu. Duk da haka, ni mai tukunya na ce a ba shi nama, a ƙara masa romo, kada a kawo ruwan wanke hannu tukuna.

Batun jira kuma na ji. Kada ka ƙosa. Ka san halina, ba na barin tuwo a wuta in taho, ga jikoki ba su gama ci ba. In na sauke zan shigo.

Ya Allah, ga bawanka da ya yi rayuwarsa yana fassara wa baƙi abin da ba su gane ba, don kada a yi dariya a bar su. Ka fassara masa ayyukansa da mafi kyawun fassara. Inda ya yi daidai ka ninka masa, inda harshe ya zame ka shafe. Ka haskaka kabarinsa, ka ba shi wuri mai iska kusa da taga. Ka ji ƙan waɗanda suka ba mu dariya suka riga mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muryarsu kawai muka ji. Mu kuma in tamu ta zo, ka bar mu mu kai ƙarshen kalmar shahada kafin a kashe. Amin.

Sai an jima, Maigida.

Taka har kullum,
Mariyama mai danna maɓalli,
Akwatialine, Kumasi.